GURUF ƊIN MATAN JAM'IYYA BA KASUWAR LINKI BA NE



Iyayena, yayyena da ƙannena matan jam'iyya na Kambarawa da kewaye. Saƙon nan yana da ɗan tsawo, amma don Allah a daure a karanta shi har ƙarshe. Wadda take kusa da 'yar uwar da ba ta iya karatun boko ba, ta karanta mata, ladan nata ne.

Maganar linki ce ta sa na rubuto. 'Yan watannin nan guruf-guruf ɗinmu sun koma kamar bakin Babbar Kasuwa. Mace ta buɗe waya don ta ga ko an sa ranar taro, sai ta tarar da linki biyar sun binne sanarwar. Wannan ya ce sabuwar manhaja ce irin Facebook, amma ita biyan ki take yi in kin yi rubutu ko kin danna wa wani. Wancan ya ce ki shiga da wuri kafin ta fashe. Wani kuma ya ce a kan bulokcen aka gina ta, ba gwamnatin da ta isa ta rufe ta. Mun zauna da masu kula da guruf, mun yanke shawara: daga yau duk linkin manhajar da aka turo za a goge shi, wadda ta maimaita kuma za a fitar da ita, ko wace ce, ko matar wane ce.

Na san abin da za a ce. Za a ce Hajiya ta cika tsauri, ita ta samu nata tana hana talaka neman nashi. To bari mu yi maganar a fili, tunda ba a ɓoye aka turo linkin ba.

Hujjar masu turowa guda ɗaya ce, Notcoin. Kuma ba ƙarya suka yi ba. Notcoin ta fito a Telegram a farkon 2024, aka yi ta dangwalen waya, a watan Mayu na shekarar ta shiga kasuwa, wasu samari suka ga kuɗi na gaske a hannunsu. Ni ban musa ba, ban kuma ce haram suka ci ba. Amma don Allah a ci gaba da labarin, kada a tsaya inda ya yi daɗi. Me ya biyo baya? Hamster Kombat. Kun tuna lokacin da ko a gidan biki kika shiga sai ki ga kowa ya sunkuyar da kai yana ƙwanƙwasar gilashin waya kamar mai tsince shinkafa? Masu manhajar da bakinsu suka ce mutum miliyan 300 ke yi a duniya. Ranar 26 ga Satumba 2024 aka yi rabo. Da yawa abin da ya zo hannunsu bayan wata da watanni bai biya kuɗin data da cajin da suka kashe ba. Ai lissafin ba wuya: tuwon da mutum goma suka ci suka ƙoshi, in aka kira gari guda a kansa, loma ma ba za ta kai ba. Masu manhajar kuwa sun tara miliyoyin mabiya a YouTube da Telegram da yatsunmu.

Sai Pi, wadda aka fara tun 2019. Shekara nawa ana ce mana guda ɗaya za ta kai dala 314,159? Har akwai waɗanda suka riƙa zaɓen motar da za su saya. Da aka buɗe kasuwarta ranar 20 ga Fabrairu 2025, ta ɗan taɓa kusan dala uku, daga nan ta gangaro ƙasa da dala ɗaya. Ina dubu ɗari uku, ina dala ɗaya?

Waɗannan da na lissafa fa su ne sanannu, waɗanda duniya ta san da zamansu, kuma asarar da aka yi a cikinsu galibi ta lokaci ce da data. Ba su ne suka fi tayar min da hankali ba. Abin tsoron shi ne ƙananan da ke biyo bayansu suna cin albarkacin sunansu, waɗanda ba ki taɓa jin su ba sai ranar da linkin ya faɗo, ba ki san mai su ba, ba ki san ƙasar da yake ba, ba ofis, ba lambar da za ki kira mutum ya ɗauka.

Ita wannan kalma ta bulokcen da ake tsorata mu da ita, ba wani tsafi ba ne. Ku ɗauki littafin uwar adashe. A ce maimakon littafi ɗaya a ɗakinta, an kwafe shi a dubban kwamfutoci a faɗin duniya, duk zubi da duk kwasa sai an rubuta a kowanne, kuma abin da aka rubuta ba ya gogewa. Shi ke nan. Fasaha ce mai amfani a wurin da ya dace da ita. Amma ku saurari abin da masu talla ke yabon ta da shi: ba mai ita, ba mai iya dakatar da ita, ba mai iya canja abin da aka rubuta. To 'yar uwa, juya maganar ki gani. In ba mai ita, ranar da aka cuce ki wa za ki kai wa ƙara? In ba a iya canja abin da aka rubuta, kuɗin da suka fita daga lalitarki zuwa ta ɓarawo su ma ba a iya dawo da su. In kika yi kuskuren tura kuɗi a banki, kina iya sa hijabinki ki je reshe, ki yi layi, ki cike takarda, a wahalar da ke, amma dai akwai wanda za ki kalla ido da ido. Ko bankin ne ya mutu akwai hukumar NDIC. Da Babban Banki ya soke lasisin Heritage Bank a watan Yuni 2024, NDIC ce ta biya masu ajiya har zuwa naira miliyan biyar kowane mutum. A bulokcen ba NDIC, ba manaja, ba mai unguwa. Kalmomi goma sha biyu ko ashirin da huɗu ake ba ki ranar da kika buɗe lalita, su ne makullin. Duk wanda ya gan su ya mallaki abin da ke ciki. Manhajar bogi kuwa abin da take nema ke nan: ta ce ki zuba kalmomin nan don a tabbatar da ke, ko ki haɗa lalitarki ki danna amincewa don ki karɓi kyauta. Kina dannawa an yashe.

Akwai kuma wani gefen da ba a faɗa wa mata. A wasu daga cikin irin waɗannan kafafen zumunta, rubutun da kika yi shi ma cikin wancan littafin da ba ya gogewa yake shiga. Mu 'yan siyasa ne, mun san yadda rai ke ɓaci lokacin zaɓen fid da gwani. A WhatsApp in kika yi suɓul da baka kina iya gogewa ki ba da haƙuri. Can kuwa maganar da kika yi cikin fushi tana nan har jikokinki. Wadda muke faɗa da ita bana, baɗi muna iya zama a tabarma ɗaya muna neman ƙuri'a tare, ku kun san haka.

Yanzu mu zo kan abin da suke karɓa a hannunmu, tunda ana cewa kyauta ne, ba a sa ko kwabo. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Za a ce kafin ki cire kuɗinki sai an tantance ki: kawo lambar NIN, ɗauki hoton katin gaba da baya, kalli kyamara ki juya kai dama da hagu, ki ƙifta ido. Wasu har BVN. Kin san me ake yi da waɗannan? Su ne daidai abubuwan da ake buƙata a buɗe asusu da sunanki a wayar wani. A watan Yuli 2025 hukumar EFCC ta fito ta ce akwai matasa kusan 12,000 a ƙasar nan da sana'arsu ita ce sayen NIN da BVN da hoton mutane a kan naira 1,500 zuwa 2,000, su sayar a kan kusan 5,000, a buɗe asusun da ake damfara da shi. Wato abin da wasu ke biya su saya, mu muna miƙa shi kyauta don an yi mana alkawarin koin.

Mu kuma a Katsina muke. Ba sai na yi dogon bayani a kan halin tsaron da jihar nan ta shiga ba, kowace a cikinmu tana da dangi a ƙauyen da abin ya taɓa. In aka buɗe asusu ko aka yi rajistar layi da sunanki, kuɗin da ba na Allah da Annabi ba suka bi ta ciki, ranar da jami'an tsaro suka bi sawu ba gidan mai manhaja za su je ba. Sunanki ne a takarda, fuskarki ce a hoto. Ƙofar gidan mijinki za a ƙwanƙwasa, a gaban ɗiyanki da maƙwabta. Sai ki yi ta rantsuwa ba ki sani ba, kuma gaskiya kika faɗa, amma kafin gaskiyar ta fito an kwana nawa?

Ba mu kaɗai ake yi wa wannan ba. A Kenya, a 2023, wani kamfani mai suna Worldcoin ya riƙa ɗaukar hoton ƙwayar idon mutane yana ba su koin kyauta, aka yi ta layi a Nairobi. Gwamnatin ƙasar ta dakatar da shi a watan Agusta na shekarar, daga baya a 2025 kotu ta ce a goge abin da aka tara. Wannan kamfani ne da ake iya kai shi kotu saboda an san shi. Wanda ya turo miki linki daga inda ba a sani ba fa? Lambar sirrin ATM in ta fita kina iya canjawa. Fuska da ido ba a canja su.

Sannan in kina sauke manhaja tana tambaya: in shiga lambobin da ke wayarki? In shiga hotuna? In karanta saƙonni? Mu kuma sai mu yi ta danna eh, eh, eh, don mu wuce wurin. Kun manta abin da manhajojin bashi suka yi wa mutane? Mutum ya ci bashin dubu goma, a tura wa surukansa da malaminsa saƙo cewa ɓarawo ne. Sai da hukumar FCCPC ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a 2022, Google kuma a 2023 ya hana manhajojin bashi da ke Play Store taɓa lambobi da hotunan mutane. Shi ya sa da yawa daga cikin waɗanda ake turo mana ba ta Play Store suke zuwa ba, fayil ne ake turowa kai tsaye a ce ki buɗe. Wayar da kanta za ta gargaɗe ki cewa ba ta san asalin abin nan ba, sai mai turowa ta ce ki share gargaɗin. Haba! Mai gadi ya ce bai yarda da baƙon nan ba, ke kuma ki ce ya matsa ya ba shi hanya har uwar ɗaka? A wayar mace akwai hotunan da ta ɗauka ba lulluɓi a cikin ɗakinta, akwai na ɗiyanta mata, akwai saƙon banki mai ɗauke da lambar shiga. Manhajar da kika ba izinin karanta saƙo tana ganin wannan lambar kafin ke ki gan ta.

Masu cewa a zuba kuɗi kuwa, ba zan daɗe a kansu ba, don labarinsu tsoho ne, riga kawai yake canjawa. MMM ta yi alkawarin kashi 30 cikin ɗari a wata, ta daskare a watan Disamba 2016, NDIC ta ce 'yan Najeriya kusan miliyan uku sun yi asarar naira biliyan 18. Shekara tara ba ta cika ba sai ga CBEX, ita kuma da rigar kirifto, ta ce za ta ninka kuɗi cikin kwana 30. A watan Afrilu 2025 ta rufe da kuɗin jama'a, mutane suka fasa ofishinta a Ibadan suna kwasar kujeru, hukumar SEC ta ce ba ta taɓa yi mata rajista ba. Abin da ya fi ba ni takaici, bayan ta rufe sai aka ce wa waɗanda aka cuta su ƙara biyan dala 100 ko 200 a tantance su kafin su cire kuɗinsu. An yanka ka, a ce kawo kuɗin wuƙa.

Na lura kuma an gano lagonmu. Yanzu sai a raɗa wa manhaja sunan Larabci, a sa mata launin kore da hoton wata, a rubuta halal, a ce ta Musulmi ce. Hukuncin kirifto na malamai ne, sun yi magana kuma sun saɓa, ni ba zan shiga hurumin da ba nawa ba. Amma ɗan abin da muka koya a Islamiyya a babin ciniki ya ishe ni a nan: ba a sayen abin da ba a san shi ba, ba a san mai shi ba, ba a san ko zai zo hannu ba. Kakanninmu ma da ba su ga waya ba sun ce ba a cinikin biri a sama. Sunan Larabci ba ya mayar da damfara halal, kamar yadda rawani ba ya mayar da ɓarawo liman.

To yanzu gare ki, ke mai turo linkin, don ke ce dalilin saƙon nan. Na san ba muguwa ba ce. Na san halin da ake ciki, na san kuɗin kwanon masara, na san abin da ake kashewa kafin a ɗora tukunya. Amma ki faɗa wa mata gaskiya: linkin nan da lambarki a jikinsa. Duk wadda ta shiga ta hannunki, ke ake ƙara wa maki. Shi ya sa kike rantsuwa kin gwada, shi ya sa kike cewa a yi sauri. Me ya sa ba ki kai shi tasha ki tallata wa baƙi ba, sai nan? Saboda kin san a nan an yarda da ke. Dattijuwar da ta danna ba manhajar ta yarda da ita ba, ba ta ma iya faɗin sunanta. Ta danna ne don ta ga abin a guruf ɗin jam'iyya, ta ɗauka da saninmu, wata ma ta ɗauka tallafi ne daga sama. Yardar nan ba taki ba ce ke kaɗai. Shekaru muka yi muna tara ta, gida gida, suna da biki da ta'aziyya, cikin rana da damina. Ita ce jarinmu ranar zaɓe, ba mu da wani. Ke kuma kina canjar da ita da maki a manhajar da ko wata shida ba lalle ta yi ba. Ranar da abin ya rushe ba za a ce wance ta cuce ni ba, cewa za a yi matan jam'iyya sun cuce ni. Da wane ido za mu koma gidan nan neman ƙuri'a?

Ki kuma sani doka ta canja. Sabuwar dokar zuba jari da Shugaban Ƙasa ya sa wa hannu a watan Maris 2025 ta tanadi tarar da ba ta gaza naira miliyan 20 ba, ko ɗaurin shekara goma, ko duka biyun, ga masu gudanar da irin wannan harkar ta a-ci-da-kuɗin-na-baya da masu tallata ta. Mai manhaja yana can inda ba a san shi ba. Ke ce aka sani, da sunanki da unguwarku.

Akwai abin da ya faru da wata baiwar Allah a cikinmu kwanan baya, ba zan kama suna ba. An kira ta aka ce za a sa ta a wani sabon tsari na mata, za a turo mata lamba shida ta karanto. Ta karanto. Lambar WhatsApp ɗinta ce. Kafin la'asar an tura wa duk wanda ke wayarta saƙo da sunanta, wai tana asibiti a taimaka mata, kuma akwai waɗanda suka tura. Wannan kuɗi ne kawai. Ku ɗauka ana jibi zaɓe aka ƙwace layin ɗaya daga cikin shugabanninmu, aka turo cewa an ɗage taro, ko ɗan takararmu ya janye, ko kada mata su fito akwai tashin hankali. Wa zai tsaya bincike? A wayoyinmu akwai lambobin matan mazaɓa kaf, rumfa rumfa. Abin da abokan hamayya za su biya kuɗi su samu, manhaja ɗaya da aka ba izinin shiga lambobi ta kwashe shi cikin minti guda.

Ban ce kowa ta jefar da wayarta ba, ban kuma ce ɗiyanmu kada su koyi wannan fanni ba. Wadda take da ilimin abin, da kuɗin da in sun tafi ba za ta kwana da yunwa ba, ga hanya nan: SEC tana da jerin kamfanonin da ta amince da su, tun Agusta 2024 ta fara ba irin su Busha da Quidax izinin farko, ana iya dubawa a shafinta. Ba talla nake musu ba, can ma ana riba ana faɗuwa. Amma kuɗin adashe, kuɗin marayu, jarin ƙuli-ƙuli da na ɗinki, kuɗin kayan ɗakin ɗiya, waɗannan ba na gwaji ba ne.

Saboda haka ga abin da nake roƙo. Manhajar da ta zo ta linki, kada a sauke, ko daga wa ta zo, ko da sunana kika gan ta, don ni ma ana iya ƙwace nawa layin. Lamba shida da ta shigo wayarki, ko wa ya kira kada ki karanta masa. NIN da BVN da lambar katin zaɓe ba a tura su a guruf, ba a cike su a fom ɗin da ba a san mai shi ba. In abu na jam'iyya ne ko na tallafi, za ku ji shi daga bakin shugabannin da kuka sani a mazaɓa, a kira a tabbatar kafin a ba da komai. Wadda kuma ta riga ta sauke wani abu, kada kunya ta sa ta yi shiru, ba wadda za ta yi mata dariya. In ta ba da BVN ko ta ga motsin da ba ta gane ba a asusunta, ta je bankinta gobe da safe, kada ta jira.

Ranar Asabar bayan la'asar, a gidan da muka saba taruwa, kowa ta zo da wayarta da caji. Mun samu 'yan mata biyu daga cikin ɗiyanmu da suka karanci kwamfuta, za su zauna da kowace ɗaya bayan ɗaya, a duba manhajojin da ke ciki, a cire na cirewa, a rufe izinin lambobi da hotuna, a kuma sa wa WhatsApp lambar sirri ta biyu yadda ko an samu lamba shidan ba za a iya shiga ba. Mata ne za su duba, kuma wayar ba za ta bar hannun mai ita ba. Shugabannin rumfuna, kowace ta sanar da matanta, musamman iyayenmu da ba sa cikin guruf.

Allah ya tsare mu da zuri'armu, ya ba jiharmu zaman lafiya.

Taku,
Shugabar Mata, Kambarawa